Ina Zuwa, Shifu

Tabarmi kawai ya je kwasowa fa, tabarmin roba guda shida! Ku tsaya ku ji abin da ya samu Yaya Musbahu ranar Asabar ɗin nan da ta wuce, don wallahi har yanzu ba a gama maganar ba a unguwar Longsight ta Manchester.

Yaya Musbahu ɗan Zariya ne, yana PhD a uni ɗin Edgbaston, ɗakinsa kuma a Perry Barr. Duk Asabar sai ya hau train daga Birmingham ya zo Manchester ya koya wa yaran Hausawa kung fu a wani hall na council, wato ƙaramar hukuma, da ke bayan Stockport Road. Kowa ya san labarinsa. Shekara guda cur ya yi a ƙasar Sin, can saman wani dutse, cikin sufayen Buddha masu aski ƙwal da riguna ruwan goro. Haka ya faɗa wa iyaye, haka aka buga a takardar talla. Yara ma Shifu suke ce masa, wato malam.

To council ta ce babu kuɗi. Ta rufe library, ta rufe wurin matasa, sai ta biyo ta kan hall ɗin. Ranar Asabar ɗin ce ta ƙarshe da aka ba su su kwashe kayansu. Shi ne Anti Sa'adiya, likitar nan da ke shugabantar iyayen yaran, ta ce ai ba za a tashi haka shiru ba. Ta sa sunansa a taron 'yan Arewa na washegari a Birmingham, wai zai nuna wa jama'a cikakken salon da ya koyo, taku talatin da shida.

Taku sha bakwai kaɗai ya iya. Ba wanda ya sani sai shi.

Ƙarfe huɗu saura ya iso. Disamba ne, har gari ya fara duhu, ana yayyafi. Baba Dalyop, mai kula da hall ɗin, mutumin Jos, yana tsaye a ƙofa cikin ƙatuwar jaket.

"Shifu, Shifu! Kar ka fasa min bango fa, council za ta sayar da kayanta."

"Haba Baba Dalyop, minti goma kawai."

"An yanke wuta da heating tun safe. Ga key. Ni zan je in sayi chips, in ka gama ka same ni a bus stop. In ka ga ɓera ka yi masa irin na ƙasar Sin."

Ya tafi yana dariya. Yaya Musbahu ya shiga, ƙofa ta rufe a bayansa.

Gaskiyar maganar, sati shida ya yi a kan dutsen nan. Tun asuba ake buga ƙararrawa a tashe su, a hau matakala ɗari uku da gudu, a sauko da rarrafe. Abinci shinkafa da ganye, ba nama, ba yaji. Gwiwarsa ta kumbura ta yi suntum. Wanda aka haɗa shi da shi wani tsoho ne, Shifu Ren, ɗan mitsitsi, haƙoransa biyu a gaba. Ba ya jin Turanci ko kaɗan. Da Yaya Musbahu ya sa aka gaya masa shi Musulmi ne, ba ya rusuna wa kowa sai Allah, tsohon bai ji haushi ba. Ya nuna masa ya dunƙule hannun dama ya rufe shi da tafin hagu, ya ce wannan ma gaisuwa ce. Har lungu ya share masa a bayan ɗakin girki don salla.

Salon na mutum biyu ne, wannan ya kawo duka wannan ya tare. Kuma suna da doka a wurin: in an buɗe salo da gaisuwa, ba a barin shi sai an rufe shi da gaisuwa, su biyun tare. To kun san halinmu, in mutum zai tashi ba ya cewa na tafi, sai ya ce ina zuwa. Duk sanda lokacin salla ya yi suna tsaka da atisaye, sai Yaya Musbahu ya ɗaga yatsa ya ce, "Ina zuwa, Shifu." Tsohon sai ya tsaya cak yadda yake, ko ƙafa ɗaya ce a sama, har ya je ya yi sallarsa ya dawo. Har ya haddace kalmar, yana maimaita ta yana dariya.

Wata la'asar suna taku na sha bakwai, gwiwar ta ce ba ta san zance ba. Yaya Musbahu ya ɗaga yatsa, ya nuna lungun salla, ya ce, "Ina zuwa, Shifu."

Bai je lungun ba. Jakarsa ya ɗauka ya bi matakala ya sauka, ya hau motar gari, bai ko waiwaya ba. Da salla ya yi wa tsohon ƙarya. Shekara uku ke nan, ko mahaifiyarsa bai faɗa wa ba.

Shi ya sa da ya naɗe tabarmin bai fita ba. Ya ce bari ya tsaya ya ƙirƙiro sauran takun sha tara da kansa. Wa zai gane a Birmingham?

Hall ɗin na warin danshi da sabulun goge ƙasa. Kujeru a jibge a gefe. Hasken fitilar titi kawai ke shigowa ta tagogin sama, ja-ja haka. Yana jin bus na wucewa a Stockport Road, yana jin ɗigar ruwa cikin wani bokiti a lungu. Ɗis. Ɗis.

Ya cire takalmi. Ya tsaya a tsakiya. Ya dunƙule dama, ya rufe da hagu, ya gaida iska.

Taku na ɗaya. Na biyu. Na uku.

A na biyar ya ji ƙamshi. Turare ne, amma ba irin na gida da mata ke sawa a kasko ba. Na tsinke ne, mai ƙaurin busasshen itace. Ya ce wa kansa daga shagon maƙwabta ne.

A na tara ya lura bus sun daina wucewa.

A na sha biyu ɗigar ruwan ma ta tsaya. Katakon da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya yi sanyi, ya yi kaushi. Wannan ba katako ba ne. Dutse ne.

Ya so ya daina, ƙafafun suka ƙi. Su suke tafiya da shi. Kuma duk takun da ya yi, sai ya ji wani a gabansa, ɗan siririn sauti, irin na takalmin yadi a kan dutse. Shuu. Shuu.

Sha biyar.

Sha shida.

Sha bakwai. Ya ɗaga hannun hagu ya tare, yadda aka koya masa.

Tas!

Ƙashi ne ya bugi ƙashi. Wani hannu ne ya sauka a kan nasa, siriri, mai sanyi kamar ƙarfen da ya kwana a waje. Kuma bai ɗaga ba.

Ba kowa a gabansa. Sai dai hasken taga ya yanke a wuri ɗaya, daidai tsayin ɗan ƙaramin mutum.

"Wa... waye?"

Sai wata murya, a hankali, dab da fuskarsa. Ba numfashi a cikinta. Ta raba kalmar gida-gida, kamar mai koyon magana.

"I-na. Zu-wa."

Ba muryar tsohon ba ce. Ta Yaya Musbahu ce. Muryarsa ce sak, da rawar da ta yi a ranar.

Hannun ya ɗaga. Taku na sha takwas ya taho, wanda bai taɓa koya ba.

A haƙarƙari ya same shi. Ya ji numfashinsa ya fita gaba ɗaya. Ya faɗi, wani abu ya ɗaga shi ta wuyan riga ya tsayar da shi, ya gyara masa hannu, ya gyara masa ƙafa, ya mayar da shi sha bakwai.

Tas!

"I-na. Zu-wa."

Dukan ya sake sauka, wuri ɗaya.

Aka sake tsayar da shi.

Ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu. Ya san ta tun yana shekara biyar, amma sai ga lungun nan na bayan ɗakin girki a idonsa, a share tas, ba kowa a ciki. Harshensa ya yi nauyi. Da wane bakin?

Tas!

A karo na huɗu ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙirjinsa. Ya gane abin nan ba fushi yake ba. Jira yake. Zai yi ta maimaitawa har sai an ba shi sha takwas, ko a mutu.

"Ban iya ba," ya ce, da ƙyar.

Hannun ya tsaya a iska. Yana jin sanyinsa a kumatu.

"Ban iya ba. Ba salla na je ba. Guduwa na yi." Hawaye na shiga masa baki. "Astagfirullah. Ƙarya na yi. Ba zan dawo ba. Ka ji? Na tafi. Tafiya na yi."

Sai harshen ya saku. Ya karanta ayar, yana haki, yana cije wasu haruffan, har ƙarshe. Ya ɗaga hannuwansa, ya dunƙule dama, ya rufe da hagu.

Daga cikin duhun ya ji wani tafin ya rufe wani dunƙulen.

Taf.

Bai tsaya ganin ƙarshe ba. Ya kwasa ba takalmi, ya ci karo da kujeru, ya daki ƙofa da kafaɗa. Ta ƙi. Shuu, a bayansa. Ya sake dukanta. Shuu, kusa. A na uku ta buɗe, ya faɗo kan titi cikin ruwa, ƙarar motoci ta dawo masa gaba ɗaya kamar an cire masa auduga daga kunne.

Baba Dalyop ya gaji da jira ya dawo, yana tsaye da ledar chips.

"Shifu, ɓeran ne ya yi maka haka?" Sai ya haska fuskarsa da waya, dariyar ta ɗauke. "Yesu. Zo nan, ɗana. Zo. Kar ka waiwaya, ba ni key ɗin, ni zan kulle."

A asibiti suka ce haƙarƙari biyu sun tsage. Anti Sa'adiya da ta zo ta duba hannun da kanta, ta ga shatin yatsu huɗu sirara, baƙi ƙirin.

"Musbahu, wa ya yi maka wannan? In 'yan iskan unguwa ne, yanzu zan kira police."

"Anti, ba su ba ne. Ki bar sunana a taron gobe."

"Kana hauka? A haka za ka yi tsalle?"

"Ba tsalle zan yi ba."

Wallahi ya je! Hall ɗin Birmingham cike, likitoci, injiniyoyi, 'yan uni, mata sun sha lafaya, ga yaransa a layin gaba da fararen kaya. Aka ce ga Shifu, aka yi tafi. Ya karɓi makirfo da hannu ɗaya, idonsa a ƙasa. Ya ce sati shida ya yi, ba shekara ba. Ya ce taku sha bakwai ya iya. Ya ce da sunan salla ya gudu ya bar wani tsoho a tsaye, tsohon da ba Musulmi ba amma shi ke share masa wurin sallar. Ba ka jin komai sai kukan wani jariri a baya. Wani Alhaji ya ja tsaki ya tashi da 'ya'yansa. Anti Sa'adiya ta kalle shi ta ce, "To sauko haka nan, kafin ka faɗi in sha wahalar ɗaukarka."

A daren ya rubuta wa gidan sufayen ta email, ya nemi a karanta wa Shifu Ren, in yana raye.

Jiya Alhamis amsar ta zo, kuma a falonmu ya karanta ta, da kunnena na ji! Wani matashin sufi mai jin Turanci ne ya rubuta. Ya ce tsohon na nan lafiya lau, har ya yi dariya. Wai shi bai jira ba ko na minti ɗaya. Ya san ba salla Yaya Musbahu za shi ba, don ya tafi ya bar butarsa a gindin bango, shi kuwa bai taɓa zuwa lungun ba buta ba.

Amma wai tun daga ranar suka daina atisaye a filin da ya bar tsohon a tsaye. Kullum da safe sai a ga sawun ƙafa biyu a kan raɓa, wuri ɗaya, ba sawun zuwa, ba na tafiya. Shekara uku. Tsohon ya ce ba su kaɗai ke koyo a kan dutsen ba, akwai wasu da ido ba ya gani, kuma su ba su san mutum yana faɗin abin da ba ya nufi ba. Ranar Lahadi da safe aka duba, filin fes.

Ni har tsigar jikina ta tashi. Amma shi ba wannan ne ya karya shi ba. Layin ƙarshe ne. Ya karanta rabi ya kasa, ya miƙa wa Anti Sa'adiya wayar, ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya.

Tsohon yana tambaya ne ko gwiwar ta warke. Ya ce laifinsa ne shi tsohon, ya kamata ya lura da ita tun sati na biyu.