Layin Uwa a Fayilolin Gidan Marayu

Da Sufeton 'yan sanda ya isa gidan marayun, ya tarar da wata budurwa zaune a benci, jaka a cinyarta. A nan ta girma. Ta zo ne a faɗa mata sunan mahaifiyarta, tunda sabuwar doka ta ba ta dama.

"An buɗe fayil ɗinta, ba suna," in ji shugabar gidan. "Ba nata kaɗai ba, ranka ya daɗe. Na kowa."

Sufeto mutum ne da ko wayarsa sai 'yarsa ta saita masa. Ya ja kujera kusa da injiniyan kwamfuta na gidan, ransa a jagule.

"Yi min bayani kamar kakanka ne ni."

"Kowane yaro yana da fayil na XML, wato takardar bayanansa a kwamfuta, cikin folda ta shekara, cikin folda ta unguwa. Wani ya rubuta umarnin XSLT, wato mai sauya tsarin fayiloli, ya ce a goge layin da ake rubuta sunan uwa. Umarnin ya bi folda bayan folda har ƙasa."

"Ba ku da ajiya ta kwafin fayilolin?"

Injiniyan ya sunkuyar da kai. "Tana cikin babbar foldar. Ita ma ya cinye."

Sakatariyar ofis ta rantse ita bugun wasiƙa kawai ta iya. Amma shugabar ta ce sakatariyar aka tura kwas lokacin da aka ƙona tsofaffin takardu aka koma kwamfuta.

Sufeto ya sa aka duba kwandon shara na kwamfutar. Akwai gwajin farko na umarnin. Wannan bai ce a goge kowa ba, mace ɗaya yake nema, da sunanta da na mahaifinta.

Ya juya allon ya fuskanci sakatariyar. "Malama, kafin ki yi aure, wa ake kira haka?"

Ta daɗe tana kallon allon, sannan hawaye suka zubo.

"Ina ƙarama na kawo jaririya nan. Mijina bai sani ba. Nawa kawai na so in goge, wallahi. Na nema, umarnin bai samo ba, ga doka ta zo. Sai na cire sharaɗin sunana, ya goge na kowa."

"Za ki iya dawo da su?"

Ta girgiza kai. Injiniyan ma haka.

Sufeto ya kama ɓarayi da yawa ya mayar wa masu kaya kayansu. Yau ga mai laifi a hannu, amma ba abin mayarwa, kuma abin ya yi masa ciwo.

Da aka fito da sakatariyar, budurwar ta miƙe. "Yallabai, an samu?"

Sakatariyar ta tsaya tana ƙare wa fuskar yarinyar kallo.

"Wace shekara aka kawo ki?"

Budurwar ta faɗa.

"Ku nawa ne mata a shekarar?"

"Da yawa, Anti."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya ja hannun sakatariyar zuwa mota, tana ta waiwaye.