Rijiyar Bayan Sito

Ranar da abin ya fara, Safiyanu ya dawo gidansa a Yerimaram ana kiran magariba, rigarsa tana warin man girki da turaren wasu. Shi ne mai kula da sito a wani kamfanin matsar man gyaɗa da ke bakin hanyar Maiduguri, kuma a ranar aka yi walimar ƙarshen shekara, wadda manajansu, Alhaji Bunu, ya mayar kamar farilla.

Shekara bakwai ke nan Safiyanu ke riƙe lasifika a wannan taro, don an ce bakinsa da zaƙi. Shi ke kiran Alhaji uban ma'aikata, shi ke cewa a tafa. Mutanen da ko gaisawa ba sa yi a ofis sai su rungumi juna saboda hoto. Manya su gutsiri kaza su ture, leburori na tsaye bayan shinge suna kallo. Duk shekara sai ya dawo yana jin kamar ya wanke harshensa da sabulu. Bana da aka watse, tukunya uku ta shinkafa da miya ta rage. Alhaji ya ce kada a ba leburori, kada su saba. Safiyanu ya ja tukwanen zuwa tsohuwar rijiyar da ke bayan sito, ya juye har da ruwan wanke-wanke mai zafi, ko bisimilla bai yi ba saboda haushi.

Yana cikin alwala dutse ya faɗo kan kwanon ɗakinsa. Wani dutsen ya biyo baya. Matarsa Fadimatu ta leƙa waje, ba kowa a lungun. Sai wani wari ya taso daga ko'ina, warin ruɓaɓɓiyar shinkafa da maiƙo, har ta toshe hanci da gefen mayafi. Can kuma suka ji tafi a hankali, daga cikin bango, irin tafin mutanen da aka tilasta.

Kwana uku ana haka, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu 'yarsu Asma'u, wadda ke karatun aikin jinya, ta ajiye ludayi ta miƙe tsaye. Ta dunƙule hannu a bakinta kamar mai riƙe lasifika, ta yi magana da muryar ubanta sak.

"A tafa wa uban ma'aikata!"

Sai ta faɗi tana amai, duk da tun safe ba ta ci komai ba. Safiyanu ya duba abin da ya fito, ya ga shinkafa ja da mai, ya kau da kai yana salati.

Ta daina cin abinci. Idanunta suka zurma, duk wanda ya shigo ɗakin sai ta yi masa murmushin hoto, haƙora a waje, ido a mace.

Aka ɗauko Malam Zarami daga Hausari, dattijo mai ƙarancin magana. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma, Fadimatu ta riƙe kafaɗun yarinyar. Ya daɗe yana karatu. Gidan ya yi tsit, har kajin maƙwabta suka yi shiru. Sannan Asma'u ta ɗago, wata murya ta tsohuwa ta fito daga ƙirjinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me ya kawo ki?"

"A rijiyar nan nake tun ba a yi titi ba. Shekara bakwai ina jin wannan mutumin yana zuba ƙarya ta lasifika, na haƙura. Ina ganin masu yunwa a bayan shinge, na haƙura, ba ruwana. Bana sai ya zubo mana ƙazantarsu a ka, da ruwan zafi. Jikata ta ƙone. 'Yarsa zan ɗauka a madadi."

Safiyanu ya durƙusa. "Wallahi ni ma ba na son taron nan. Ƙyamarsa nake."

"Na sani. Shi ya sa ka fi su wari."

"Yarinya ba ta zuba miki komai ba," in ji Malam Zarami. "Ki faɗi abin da mutum zai iya, ko in ci gaba da karatu."

Muryar ta ce, "Ya shiga da kansa ya kwashe. Ba lebura ba, shi. A rufe mini bakin rijiya. Kada in sake jin muryarsa a taron nan."

"In ya yi za ki fita, ba komowa?"

"Na rantse da wanda kake karanta maganarsa."

Washegari da hantsi aka ɗaura wa Safiyanu igiya a ƙugu. Abin da ya tarar a ƙasa ya yi kwanaki yana ruɓewa, tsutsa na motsi a ciki kamar yana numfashi. Sau biyu ya yi amai a bokitin da yake cikawa. Ma'aikatan ofis suka tsaya nesa da hankici a hanci, wasu na ɗaukarsa a waya. Gana, wani lebura mai furfura, shi kaɗai ya riƙe igiyar har la'asar, shi ya kawo masa ruwa da ya fito. Tare suka rufe bakin rijiyar.

Alhaji Bunu ya sauke gilashin motarsa yana dariya. "Safiyanu, ashe kana da camfi! Baɗi sai mun yi wadda ta fi ta bana."

"Ranka ya daɗe, a nemi wani mai maganar."

"Ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani."

Ba mai keken da ya yarda ya ɗauke shi, sai da ƙafa ya tako har Yerimaram, mutane na darewa. Ya tura ƙofa. Asma'u na zaune a kan tabarma, ta jingina da uwarta, kofin kunu a hannunta. Ta dube shi da idonta na gaskiya, ta yamutsa fuska.

"Baba, don Allah ka fara yin wanka."

Ya zauna nan bakin ƙofa, yana dariya hawaye na zuba.