Lambar Tagwaye

Mai-Ƙidaya, babban injin lissafi, na ta gurnani a ƙarƙashin Birnin Tsauni, yana juya wata lamba mai tsawon da ko shi kansa bai taɓa rubuta ta gaba ɗaya ba. Lambar Gari ake kiranta.

Duk jaririn da aka haifa, sai a ba shi tasa lambar, irin wadda masana ke kira gagara-rabo, wato wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Daga nan a ninka Lambar Gari da ita. Muddin lambarka na raba ta gari ba saura, kana raye: ƙofa za ta buɗe maka, famfo ya ba ka ruwa. Ran da ka mutu, a yi ta raba Lambar Gari da taka har ta daina shiga. Masu wannan dabara suna bugun ƙirji cewa ba mutum biyu da za su taɓa haɗa lamba. Ba su san Inna Delu ba.

Da ta haifi tagwaye, ta kafe a asibiti cewa ba a bambanta tagwaye, ko a zane ko a ɗan kunne, balle a abin da za su rayu da shi. Ta yi ta kuka har ma'aikacin ya gaji, ya shigar da lamba ɗaya sau biyu.

Yau Hassana, wadda ta girma ta zama injiniyar Mai-Ƙidaya, na zaune gaban allonsa idanunta sun kumbura. Da safe Usaina ta cika. An yi mata wanka, an yi salla, amma ga gawa can a bakin maƙabarta cikin rana.

Wayarta ta yi ƙara. Kawu Sallau ne, ƙanin mahaifiyarsu.

"Hassana, injin haƙa ya ƙi motsi. Wai 'yar'uwarki na raye. Ƙasar nan kuwa kin sani, dutse ce, ba digar da za ta huda ta."

"Kawu, na raba sau ɗaya. Lambar na nan tana shiga."

"To ki sake mana! Rana na dukan baiwar Allah."

"In na sake, har da ni za ta fita."

Ya ce, "Ni dai ban san lissafinku ba, 'yata."

Ta tambayi Mai-Ƙidaya ko zai iya cire ɗaya ya bar ɗaya. Ya amsa da muryarsa mai sanyi: "Wacce? Mutum ɗaya nake gani, sau biyu."

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta tuna yadda Usaina ba ta jure zafi, ko tsakar gida za ta ƙetare sai ta yafa mayafi a ka. Ta danna, ta sake rabawa.

Fitilar teburinta ta mutu. Ta je ƙofa ta ɗora tafin hannu, ƙofa ta yi kamar ba kowa a wurin. Wayar ta sake ƙara, hasken fuskarta na dusashewa.

"Alhamdulillahi, ya haƙa," in ji Kawu Sallau. "Amma Hassana... biyu ya haƙa. Gefe da gefe, tsawonsu ɗaya."