Surukar da Ta Leƙa Kan Baba

A ɗakin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka fara haɗuwa. Ita ɗaliba ce mai binciken yadda hanyoyin sadarwa na cikin ƙwaƙwalwa ke sauyawa idan mutum ya manyanta. Tana tara hotunan matasa da tsofaffi, kwamfuta tana haɗa mata taswira. Shi kuwa Auta, mai shagon tabarau, ya rako mahaifinsa ne, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yarda ya shiga binciken.

Baba na kwance cikin na'ura, Auta ya tambaye ta ko tana hango inda tsohon ke ajiye faɗa. Ba ta yi dariya ba, amma ta miƙo masa kujera.

Bayan ta gama da rukunin su Baba, saƙonni suka fara.

"Mai Taswirata, yau ma aiki ya hana ki cin abinci?"

"Na ci. Kai dai ka ji da idon mutane."

Da maganar aure ta taso, Baba ya ce atafau. Wai yarinyar da ta leƙa cikin kansa ba za ta zama surukarsa ba, da wane ido zai kalle ta? Aka ɗauka wasa ne, sai aka ga ya kafe.

Ashe taswirarsa ta bambanta da ta tsararrakinsa. Ta miƙa wa likita bisa ƙa'ida, likita ya kira Baba ya gaya masa akwai alamun ciwon mantuwa, Baba ya ɓoye wa 'ya'yansa. Da Auta ya gano, ya yi fushi da ita. Ta ce masa sirrin mahaifinsa ne, ba nata ba. Suka daina magana.

Wata rana Baba ya fito daga wurin aski ya kasa gane hanyar gida. Washegari ya sa aka kira masa ɗalibar.

"Yarinya, yaushe zan daina gane mutane?"

"Baba, lissafina na jama'a ne, bai san ranar kowa ba. Amma fara magani da wuri yana taimakawa."

Baba ya dubi Auta, wanda ya kasa ɗaga kai.

"Ka ba ta haƙuri. A yi bikin nan tun ina gane fuskoki."

Aka yi biki, Baba ya sa musu albarka da bakinsa, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya tagari.

Yanzu ita ke kai shi asibiti. Wata rana ya kira ta Likita, wata rana 'yata. Duk tana amsawa.