Ta Ce Ta Yi Nauyi

Auta tana tsaye a bakin ƙofar falo da farantin shayi a hannu, lokacin da gwaggon wanda za ta aura ta dube ta daga sama har ƙasa, sannan ta tsayar da ido a kan cikinta.

"Ajiye shayinki, yarinya. Ba shi ya kawo ni ba."

Umma, mahaifiyar Auta, ta gyara zama. Gwaggo ta ce 'yarta ta ji da kunnenta a shagon mai ɗinki, ranar da kayan biki suka ƙi shiga jikin amarya, Auta ta faɗa da bakinta cewa ta yi nauyi. Ta ce kowa ya ga yadda take takawa a hankali kwanan nan, tana dafa ƙugu in za ta zauna, ga cin abinci ba ƙaƙƙautawa. Saboda haka ko dai a je asibiti a auna ta, ko a ɗaga ranar aure.

Gaskiyar al'amarin kuwa tana can gidan su Dogo, saurayin nata. Mahaifiyarsa, Inna, ta daɗe da shanyewar ɓarin jiki, shi ke ɗaga ta daga gado zuwa kujera kafin ya tafi shagonsa na gyaran firiji. Wata rana Auta ta je gaishe ta, ta tarar da ita ta zame a kujerar, wuyanta a karkace, tana jiran ɗanta ya dawo. Auta ta yi iya ƙoƙarinta, ta kasa gyara mata zama. Inna ta yi murmushi ta ce kada ta damu, ai ta saba jira.

Tun daga ranar Auta ta roƙi kocin gidan motsa jiki na mata, inda take zuwa sama-sama, da ta ƙara mata nauyin ƙarfen da take ɗagawa, domin ta samu ƙarfin ɗaga Inna. Umma kaɗai ta san dalili, domin Auta ba ta son Inna ta ji an mayar da ita kaya.

Ba a jima ba nauyinta ya hau a sikeli, cinyoyi da kafaɗu suka cika, ga tsamin jiki. Da ta tsorata, koci ta bayyana mata cewa idan tsoka ta gamu da aikin da ya fi wanda ta saba, takan ɗan ji rauni, sai jiki ya riƙe ruwa yana gyara ta. Ta ce ba kitse ba ne, zai sauka da kansa bayan 'yan makonni. Wannan ne nauyin da Auta ta ambata cikin raha a shagon ɗinki. 'Yar Gwaggo kuwa, wadda tun suna yara take ganin Dogo nata ne, ta ɗauki kalmar da ma'anar da mata ke ba ta, wato juna biyu, ta kai gida da ɗuminta.

Umma ta yi bayanin ƙarfe da koci, ta ɓoye zancen Inna. Gwaggo ta yi dariya, ta ce ita dai a saninta ramewa ake yi da motsa jiki, ba ta taɓa jin ƙarfen da ke kumbura budurwa ba.

Sai a nan Auta ta yi magana.

"Gwaggo, shi ya san kin zo?"

"A gabansa na faɗa. Bai ce uffan ba."

Zargin bai yi mata zafi kamar wannan shirun ba. Asibiti ba abin tsoro ba ne ga wadda ta san kanta. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne ta zauna har tsufa da mutumin da sai likita ya shaide ta kafin ya yarda da ita. Ta yanke a ranta cewa in ya nemi a je, za ta je domin mutuncin Umma, daga nan kuma ta mayar masa da zobensa na baiko.

Washegari da yamma Dogo ya zo, da baƙin mai a gefen rigarsa. Suka zauna a baranda. Ya tambayi lafiyar Umma, ya yi zancen zafin gari, yana ta kewaye-kewaye.

"Faɗi abin da ya kawo ka," in ji ta. "Ni na shirya."

"Kin shirya zuwa ina?"

"Inda gwaggonka ta ce."

Ya girgiza kai. Ya ce da safen nan ya je ya shaida wa Gwaggo cewa ba za a auna kowa ba, ba kuma za a taɓa ranar aure ba. Ta yi fushi ta rantse ba za ta halarci bikin ba, ya ba ta haƙuri ya taso.

"To shirun da ka yi fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ita ta raine ni lokacin da Inna ta kwanta, ban saba katse ta ba. Wannan ba hujja ba ce, na sani. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, rabin raina... na ga jikinki ya sauya, ban san dalili ba, zuciyata ta yi rawa. Sai na ji kunyar kaina."

"Kuma har yanzu ba ka sani ba."

"Har yanzu."

"Da a ce gaskiya ne fa?"

"Da na ji ciwon da ban taɓa ji ba. Amma daga bakinki zan ji, ba daga shagon ɗinki ba."

Auta ta dube shi. Ta yi tsammanin ko dai zai rantse bai taɓa shakka ba, ko ya roƙe ta ta je domin a rufe bakin dangi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya yi shakka, ya ci ƙarfinta shi kaɗai, sannan ya tsaya mata ba tare da wata shaida a hannunsa ba. Ta ga wannan ya fi rantsuwa daraja.

Sai ta faɗa masa komai, tun daga ranar da ta kasa gyara wa Inna zama. Dogo ya juya fuskarsa wajen titi, kafaɗunsa suna motsi. Sannan ya ce bari ya tashi yanzu ya je ya gaya wa Gwaggo, ta ji da wa take magana.

"Zauna," in ji Auta. "In ka gaya mata, Inna za ta ji, ta ce saboda ita aka ci mutuncina. Bar Gwaggo da lissafin watanninta, zai ƙare da kansa."

"Za su yi ta magana har ranar bikin."

"Su yi. Kai ne nake tsoron ka yi shiru."

Ya share ido da bayan hannu, ya matso da kujerarsa kusa da tata.

An ɗaura auren a ranar da aka sa. Gwaggo ba ta zo ba, kuma babu wanda ya je roƙonta.