Sunanta a Bakin Direbobi

Sadiƙa na durƙushe a tsakar gidansu da ke unguwar Manshiya tana tsince shinkafar rana, Gwaggo Hafsatou kuma ta miƙe ƙafa kan tabarma, ta jingina waya da butar shayi tana kallon wani tsohon fim ɗin Masar, irin baƙi-da-farin nan. Gwaggo, ƙanwar mahaifin Sadiƙa ce, ita ta raine ta tun rasuwar uwarta. In ta samu fim, tukunya sai dai ta ƙone. Ta haddace kalaman soyayyar jaruman da suka daɗe a kabari, ta san wanda ya tsaida budurwa a bakin kogi, ta san wanda ya yi kuka a tashar jirgi.

Muryar da ke fassara fim ɗin da Hausa kuwa ta Muƙaddas ce, ɗan Kano mai shagon tura fina-finai a unguwar Jadid, wanda dattawansa suka kawo goron neman Sadiƙa wata biyu da suka wuce. Wannan bawan Allah in ya zauna gaban makirfo har dutse sai ya narkar, amma in ya zo zance sai ya ce wa Sadiƙa "ya zafi?" sau uku, ya tashi ya tafi.

Jarumin fim ya cire hula ya dubi jarumar, sai muryar Muƙaddas ta fito a sanyaye:

"Sadiƙa, kwana tara na yi ina ratsa yashi ban ji ƙishi ba, sai ranar da na gan ki kina yayyafa ruwa a ƙofar gidanku mai shuɗin fenti a Manshiya."

Gwaggo ta zabura. "Ke ɗiyar nan! Hilim ɗin ga sau goma na gane shi, Lubna sunan yarinyar! Ina Manshiya a Masar?"

Gaskiya ɗaya ce, da farko daɗi Sadiƙa ta ji, wani irin daɗi har cikin ƙafafunta. Ta rufe fuska da gyale tana dariya. Sai da ta ga Gwaggo ba ta dariya sannan ta tambaya, "Gwaggo, wa ya tura miki?"

"Matar mai burodi. Ita ma ƙanenta direba ya ba ta."

Ba su rufe baki ba mahaifin Sadiƙa, Malam Boukari, ya shigo, ko sallamar kirki bai yi ba. Tayoyin mota yake sayarwa a garejin da direbobin Agadez ke sauka, kuma bai taɓa dawowa gida kafin la'asar ba.

"Mi na yi ma yaron ga?" in ji shi. "Ina zamne cikin mutane, direbobi sun kunna hilim a wayar portabul suna ta darawa, ana kiran sunan ɗiyata da ƙohwar gidana! Wani har da tambayata ko in kawo mai ruwa shi sha!"

Aka kira Muƙaddas. Ya zo ya durƙusa a zaure, gumi ya jiƙe masa riga, Sadiƙa na bayan labule tana jin komai.

"Baba, wallahi safirayiz na so in yi mata. Ita kaɗai na yi wa. Mistek aka samu, na aje shi cikin folda ɗin da nake tura wa kwastomomi, ban lura ba sai yau."

"To, goge shi."

"Na goge na shago, Baba."

"Na wayoyin mutane hwa?"

Muƙaddas ya sunkuyar da kai. Kwana shida ke nan yana tura fim ɗin. Motocin da suka tashi ranar Litinin sun riga sun kai Agadez da shi.

Malam Boukari ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshin goron da aka kawo, sauran da ba a raba ba, ya ajiye gabansa. "Ɗauki. Wanda bai iya tsare sunan mace ba tun tana gidan ubanta, ba ni ba shi ita."

"Baba, don Allah..."

"Tashi!"

Daga ranar duniya ta ƙuntace wa Sadiƙa. In ta fita sayen burodi sai ta ji samari a bakin gareji suna rangaɗa, "Kwana tara! Kwana tara!" Wasu ma ba su san ita ce ba, kalmar ce kawai ta shiga gari. Samarin unguwar Hajara suka ɗauke ta suna yaudarar 'yan mata da ita, su cire Sadiƙa su sa Huseina ko Fatma. Wani direba ya zo takanas yana neman shuɗiyar ƙofa don ya ɗauki hoto. Washegari Malam Boukari ya sayo fenti ruwan ƙasa ya shafe ƙofar da hannunsa, ya kuma zare layin wayar 'yarsa ya sa a aljihu. Ita kuwa ta daina fita ɗungurungum.

Kuka ta sha shi har ta gaji. Haushin Muƙaddas take ji, kuma kewarsa take yi, ta rasa wanne ya fi ci mata rai. Gwaggo ta rantse ta bar kallon fim har abada, ta kuma cika rantsuwar na tsawon kwana uku cur.

"Gwaggo, me zan yi?"

"Babu abin da za ki yi, ɗiyata. Abin da ya shiga waya ya shiga. Ki yi ta addu'a."

Shi ma Muƙaddas bai zauna ba, sai dai duk wahalar banza ce. Ya bi gareji-gareji yana roƙon direbobi su goge. Su goge a gabansa, in ya juya baya su karɓa daga na kusa. Ya sake fassara fim ɗin tsaf, da sunan Lubna, ya ce kyauta ne ga duk wanda ya yarda a cire masa tsohon. Mutum biyu suka zo, su ma da suka kalla suka dawo suna mita wai wannan ba shi da gishiri. Daga ƙarshe ya naɗe makirfonsa ya sa a kwali, ya koma gyaran waya.

Abu ɗaya ne bai fasa ba. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya je garejin ya durƙusa ya gaida Malam Boukari. Dattijon ya amsa sallama don wajibi ce, ya ci gaba da lissafta tayoyinsa. Muƙaddas ya tashi ya tafi. Bai taɓa aika wa Sadiƙa saƙo ta bayan gida ba, ita ma ba ta nema ba, ko da Gwaggo ta yi mata tayin aron waya.

Haka aka ci wata goma sha ɗaya.

Wata ranar Asabar da hantsi Malam Boukari ya zauna a tsakar gida yana kallon 'yarsa tana shanya. Ta rame, wuyanta duk ya fito. Ya kira ta, ta zo ta tsuguna.

"Har yanzu kina son shi?"

Hawaye suka zubo mata. "Baba, ya ɓata min suna, na sani. Na yi ƙoƙari in daina, na kasa. Amma in ka ce a'a, a'a ɗin ce."

Dattijon ya dube ta. "Ni ma na kasa," ya ce. "Na shahe ƙohwa, na kulle ki, na kori yaro. Jiya wani ya taho daga Damagaram, garinmu, ya ce har can ana kallo nai. Ban iya kashe wayoyin duniya. Yaron kuwa na zuba mai ido, ko Juma'a guda bai tsallake ba, kuma bai taɓa ce mani laihin wani ne ba."

Gwaggo ta matso. "Yaya, in dai sai an ji muryar nan tana kiran sunanta, gara a ce mijinta ne."

Ya share ido da bakin rawani. "A kira shi."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure, ba kiɗa ba taro, don amarya ta ce ta gaji da idon mutane. Fim ɗin kuwa yana nan yana yawo har gobe, ba wanda ya isa ya tsaida shi. Haƙuri da biyayya sun ba Sadiƙa mijin da take so, amma ba su maido mata shekarar da ta yi a kulle ba. Don haka samari, kalamai masu daɗi ba laifi ba ne, sai dai sunan 'yar mutane amana ne, ba a sa shi inda hannunka ba zai kai ka ɗauko ba.

Da aka kai ta ɗakinsu a Jadid, 'yan rakiya suka watse, Muƙaddas ya gyara murya zai fara magana. Sadiƙa ta miƙa masa hannu.

"Ba ni wayarka tukuna."

Ya ba ta. Ta kashe, ta tura ƙarƙashin katifa.

"To, yanzu faɗi. Ni kaɗai nake ji."