Lefen Ɗan Ƙwallo

"Wannan ne lefen?!"

Muryar Gogo Sabuwa, gwaggon amarya, ta cika falon, har maƙwabta 'yan Sudan na ƙasan bene sai da suka ji. Da yatsu biyu ta ɗago wata jar riga mai ratsin fari, ta yamutse fuska.

Matan unguwar Shumaisi ta birnin Riyad da aka gayyato ganin kaya suka tuntsire da dariya. Babu atamfa, babu leshi, ko abaya ɗaya babu. Rigunan ƙwallo ne a jere cikin akwatin, an wanke an goge, kowace da lamba huɗu a bayanta.

"Amarya za ta buga mana wasa ranar kamu ke nan!" in ji wata.

Amarya Kamila tana bayan labule, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Haba Uwais... haba masoyina!

Uwais haifaffen Italiya ne. Mahaifinsa Bakatsine, mahaifiyarsa 'yar can, duka Allah Ya yi musu rasuwa. Ƙuruciyarsa kaf a ƙananan kulob-kulob ta ƙare, irin waɗanda ba a nunawa a talabijin. Da gwiwa ta gaza, sai ya zo Riyad yana koyar da yara ƙwallo a wata makaranta a unguwar Shifa, inda Kamila take aikin ofis. Ba shi da gwaggo ko inna da za ta haɗa masa lefe, kunya kuma ta hana shi tambaya.

Dama da ƙyar mahaifinta, Malam Dalhatu direba, ya amince. Yana dawowa daga aiki ya tarar da labarin ya zaga unguwa.

"Khalas! An fasa!" ya ce. "Tun farko na faɗa, mutumin da bai taɓa shekara biyu a gari ɗaya ba, ina zai iya riƙe mace? Yau ga shi ya mayar da ni abin dariya."

Kamila ta zube a gabansa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Abba, don Allah ka kira shi ka tambaye shi. In amsarsa ba ta yi maka ba... wallahi ba zan sake ambaton sunansa ba."

Bayan sallar La'asar Uwais ya zo. Ya durƙusa a bakin kafet, gwiwar hagunsa ta ƙi lanƙwasuwa sosai. Kamila ta koma bayan labule.

"Raini ne ya sa ka kawo mana tsummokara?" Malam ya tambaya.

"A'a Baba." Hausarsa a hankali take fita, kamar mai taka ƙaya. "Babana ya taɓa ce mini, a gida namiji yana zuba wa amarya sutura mafi daraja a akwati. Na duba duk abin da na mallaka... ban ga wanda ya fi waɗannan ba."

Gogo ta yi tsaki. Malam ya zaro wata shuɗiya mai ɗinki a kafaɗa.

"Wannan fa, mene ne darajarta?"

"Wani ƙauye ne a bakin teku, Baba. Wasan ƙarshe, in mun faɗi za a sauke mu zuwa rukunin ƙasa. Aka fasa mini hanci, aka yaga rigar. Na ce a toshe da auduga, na koma fili. Muka tsira. Masunta suka ɗauke ni a kafaɗa har kasuwar kifi."

"Sai kuma ka gudu ka bar su."

"Wata guda bayan nan suka sallame ni. Sun samu yaro mai ƙaramin shekaru."

Kamila ta dafe bakinta. Sau nawa ta zauna da shi, bai taɓa faɗa mata wannan ba!

Ya shafa wata koriya da ta koɗe.

"Wannan garin a kan dutse yake. 'Yan kallo ba su fi cikin masallacin unguwar nan ba. Azumi ya same ni a can, ni kaɗai ne Musulmi. Wata tsohuwa Kirista mai wanke mana riguna, kullum idan rana za ta faɗi, tana tsaye a bakin shingen fili da ruwa da dabino. Ban san inda take samo dabinon ba har yau. Kulob ɗin ya rushe, muka watse."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Dusar ƙanƙara, doguwar tafiya a tsohuwar bas, ɗakin haya a saman gidan burodi. Kamila tana jin tsigar jikinta na tashi. Ashe wannan mai shiru-shirun da ke ɗaure wa yara igiyar takalmi, duniya ce guda a cikinsa!

"Baba, ban taɓa barin kowa ba," ya ce. "Ni ake bari. Kowace riga na sa ta ne kamar a cikinta zan mutu."

Malam Dalhatu ya miƙe ya shige ɗaki. Kamila ta runtse ido, ta sallama.

Sai ga shi ya fito yana jan wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado. Ya zuge ta a gefen akwatin. Riguna ne, kowace da tambarin kamfani a ƙirji: na masu kai ruwa, na siminti, na gidan burodi, na motar makaranta. Dukansu a goge, a ninke. Kamila a gidan aka haife ta, amma ba ta taɓa ganinsu ba.

"Kafili bakwai na yi wa aiki a ƙasar nan, iyayen gida bakwai," ya ce. "A gida cewa suke Dalhatu ba shi da zama. Babu wanda ya taɓa tambayata wa ya bar wani."

Ya goge ido da gefen hirami, ya juya ga yayarsa.

"Yaya Sabuwa, gobe ki kai yaron nan kasuwar Batha, ki nuna masa yadda ake lefe. Ke ce gwaggonsa daga yau."

"Ni? To wallahi sai na ƙarar da albashinsa!" Gogo ta faɗa, ita ma tana jan hanci.

Malam ya ci gaba: "Wannan akwatin kuwa ba na mata ba ne. A ɗakina zai zauna, kusa da jakata."

Kamila ba ta san lokacin da muryarta ta kuɓuce daga bayan labule ba.

"Abba... a bar mini shuɗiyar."

Uwais ya ɗago kai, idanunsa cike da ƙwalla.

"Hasken raina..."

"Kai! A gaban surukinka?" Gogo ta daka masa tsawa.

Malam ya yi kamar bai ji ba. Ya ninke shuɗiyar rigar da hannunsa, ɗinkin yana sama, ya miƙa ta ta ƙarƙashin labule.